Muna biyan kuɗi a kan kowace saniya: wa ke da alhakin cutar shanu da ƙazantar abbatuwa a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni dillalin shanu ne a Agege sama da shekara 20. Tun daga Arewa har ƙofar abbatuwa babu inda ba a karɓar kuɗi a kan saniya. Kwanan baya likita ya ƙwace wa wani mahauci abokin cinikina huhu da kayan ciki da wani sashe na nama, ya ce tarin fuka ne, ba a ba shi ko sisi ba, har yanzu ina bin sa bashin saniyar. Ga maƙwabta suna zaginmu a kan wari da jinin da ke bin lambatu, gwamnati kuma in ta tashi sai ta rufe wurin. Wai a wuyan wa alhakin nan yake, kuma wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, mu wuce wurin. In dai huhun nan yana ɗauke da ƙulle-ƙulle masu launin ɗorawa, waɗanda in an sa musu wuƙa ake jin ɓurɓushi kamar yashi, to likitan ya yi daidai. Na yi shekaru ina duba nama a Legas, kuma da ni ne a wurin da hannuna zan ɗauke shi. Rashin adalcin da aka yi wa abokin cinikinka ya zo ne bayan ƙwacewar, lokacin da aka sallame shi hannu rabbana, aka bar asarar da aka yi don kare lafiyar dukan gari a kan mutum ɗaya da dillalinsa. Nan ne kukanku yake da tushe, kuma nan zan fi daɗewa.

Kafin nan, ka san masu alhakin uku ne, kuma kowanne yana jin daɗin kasancewar sauran biyun, don akwai wanda zai tura wa laifi. Killace dabbobi da lura da abin da ke shigowa ta kan iyaka aikin Gwamnatin Tarayya ne. Shanun da kuke saukewa a nan da yawansu ba a Nijeriya aka haife su ba, sun shigo ne daga Nijar da Chadi da Kamaru ta Illela da Jibiya da Maigatari da Gamborun Ngala da Mubi. Gwamnatin Tarayyar ce kuma ke da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, inda ake yin alluran riga-kafi kuma ake tabbatar da cuta a ɗakin gwaji. Tun Yulin 2024 ma an ware wa kiwo ma'aikata tasa ta kansa, wadda Idi Mukhtar Maiha ya zama ministanta na farko. Duba dabba kafin yanka da duba nama bayan yanka kuwa aikin likitocin dabbobi ne na jiha, ƙarƙashin ma'aikatar noma da ke Alausa. Ruwan ƙazanta da hayaƙi suna hannun ma'aikatar muhalli da hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, shara kuma hukumar kwashe shara, LAWMA. Sannan Tsarin Mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kafa mayanka da kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Mutane da yawa ba su san wannan na ƙarshen ba, shi ya sa ciyaman yake karɓar kuɗin kasuwa cikin kwanciyar hankali, ba wanda ke tambayarsa ina ruwa, ina magudana.

Ni a ganina duk wannan rabon ba shi ne abin da ya kamata ka riƙe ba. Ka riƙe rasit. Duk wanda ya yanka maka rasit a kan saniya ya ɗauki wani aiki a wuyansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da ake karɓa da sunan duba lafiyar dabba a hanya, manufarsa a hau tirela a duba. Kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa daga Potiskum ko Wudil zuwa Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilorin da Ogbomosho da Ibadan: yaron mota ne ke sauka da kuɗi a hannu, ya dawo da takarda, direba ko kashe inji bai yi ba. Takardar ta ce shanu lafiyarsu ƙalau, alhali ba wanda ya leƙa su. Saniyar da ke tari tun daga Yobe ta yi kwana biyu ko uku hanci da hanci da sauran, ba ci ba sha, ta iso Legas da hatimin hukuma a kanta. Da an tsayar da ita a kasuwar farko da asarar ba ta kai haka ba, don ba a biya mata kuɗin mota da na hanya da la'ada ba tukuna.

Yanzu tarin fukan. Ƙwayar da ke kama shanu 'yar'uwar wadda ke kama mutane ce, sunanta a likitance Mycobacterium bovis, kuma tana tsallakawa zuwa mutum. Babbar hanyarta ita ce madarar da ba a tafasa ba, sai numfashin dabba mai cutar, sai kuma hannun mai feɗewa in yana da rauni. Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne saniya na iya ɗauke da ita shekaru tana cin abinci, jikinta sumul, ba dillalin da zai gane ta da ido. Sai an feɗe ake ganin ta a huhu da kaluluwar ƙirji da ta wuya, wani lokaci har hanta da jikin haƙarƙari. In a wuri ɗaya ta tsaya, ana cire sashen ne a bar saura. In ta bazu, dukan naman ake ƙwacewa. A jikin mutum kuma gwajin majina da aka saba yi a asibiti ba ya bambance ta da tarin fuka na mutane, ga shi ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara jinya da su, pyrazinamide, ba ya taɓa ta. Don haka wanda ya ɗauka daga saniya a lissafin asibiti mai tarin fuka ne kawai, ba wanda zai koma ya nemi garken da cutar ta fito.

Akwai wata al'ada da ka sani, tunda kana zaune da mahautan Yarbawa: huhun da ke da waɗannan ƙulle-ƙullen suna ce masa fuku elegusi, wai don ya yi kama da agushi. Wasu har gutsura suke su jefa a baki a gaban mai saye don su nuna masa ba komai. Masu bincike sun yi nazarin wannan ɗabi'a a tsakanin masu sana'ar nama a abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, aka buga sakamakon a 2013. Ban kawo maganar don in ce Bayarabe ya fi Bahaushe ganganci ba. Namu ma na ga mai yanke wurin da ya ɓaci ya cusa a aljihu kafin likita ya ƙaraso. Dalilinsu ɗaya ne: kowa ya san in likita ya gani, kuɗi ya tafi.

To ka ga inda matsalar take. Dubawa ba tare da diyya ba tana koya wa mutane ɓoyewa. Na taɓa aiki a wata mayanka, ba zan faɗi sunanta ba, inda na dage na wata guda ina ƙwace duk abin da ya kamata a ƙwace. A wata na biyu sai littafina ya nuna cuta ta ragu sosai, har na fara jin daɗi. Wani dattijo cikin mahautan ne ya ja ni gefe ya ce, "Likita, ba cutar ce ta ragu ba, shanun ne suka daina zuwa wurinka." Duk saniyar da suke shakka a kanta sai a yanka ta da asuba a bayan wani kango, nama ya shiga kasuwa kafin in iso. Na tsaftace littafina, na ƙazantar da tukunyar mutane. Tun daga ranar na daina yarda da duk jami'in da zai yi alfahari da yawan naman da ya ƙwace in bai faɗi nawa aka biya masu shi ba.

Kuma kada wani ya ce maka diyya baƙon abu ce a ƙasar nan. A farkon 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna, karon farko a Afirka, Gwamnatin Tarayya ta sa naira 250 a kan kowace kazar da aka kashe. Kuɗin ya yi ƙasa da farashin kasuwa, biyan ya yi jinkiri, masu gonaki da yawa suka gwammace su kwashe kajinsu zuwa kasuwa cikin dare, cutar ta yi ta yawo daga jiha zuwa jiha. A Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da ita a nan Legas. Darasin a fili yake: gwamnati ta san ƙa'idar biyan diyya, ta kuma ga abin da ke faruwa in diyyar ta yi kaɗan. Dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗora wa mai dabba wajibcin kai rahoton cuta. Amma wajibcin da ƙarshensa talauci ne ga mai cika shi, a takarda kawai zai zauna.

Ba sai an jira Abuja ba ma. Jami'an Jihar Legas sun sha faɗin cewa ana yanka shanu kimanin 6,000 a kowace rana a jihar. Ka ɗauka an ware naira 500 kacal daga abin da ake karɓa a kan kowanne, an zuba a asusu guda na biyan wanda aka ƙwace wa nama: naira miliyan 3 ke nan a rana. Ba lalle ya biya cikakken kuɗin saniya ba, amma in mahauci ya san zai samu ko rabin jarinsa, da ƙafarsa zai kira likita. Asusun kuma sai ya kasance ƙungiyar mahauta da ta dillalai suna da sa hannu a kansa, a riƙa liƙa lissafinsa a bango duk wata. In aka bar shi a hannun ofis kaɗai, ka san sauran zancen.

Cutar da ta fi tayar min da hankali a kara, wato kasuwar shanu, ba tarin fuka ba ce, ciwon saifa ne, wanda Turawa ke kira antiraks. Ka tuna 2023: a watan Yuni gwamnati ta gargaɗi mutane kan cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Ghana, kasuwar ganda ta faɗi, mutane suna ta ba'a. A watan Yuli aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, Vom ce ta yi gwajin, kafin watan ya ƙare Legas ma ta sanar da samun ta a wasu dabbobi, aka ƙone su aka binne, aka fara allura kyauta. A Janairun 2025 ta sake ɓulla a Zamfara. Alamarta ita ce dabba lafiyayya ta faɗi farat ɗaya, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya fito ta hanci da baki da dubura. Mu kuwa ɗabi'armu a kara, saniya na faɗuwa ana ihun a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Na fahimci dalilin, amma a wannan cutar wuƙar ce masifar. Muddin ba a buɗe gawar ba, yawancin ƙwayoyin suna mutuwa a ciki yayin da take ruɓewa. Da zarar jinin ya sha iska sai su yi wa kansu ɓawo mai tauri, su kwanta a ƙasa shekaru gommai suna jiran wata dabbar. Mai feɗewa kuma yakan wayi gari da ƙurji a hannu ko wuya, wanda tsakiyarsa ke yin baƙi ƙirin kuma ba ya ciwo sosai, shi ya sa ake raina shi. In an je asibiti da wuri magani na kashe ta, in ta shiga jini ko hanji ko huhu sai dai Allah ya kiyaye.

Riga-kafin saifa sau ɗaya ake yi a shekara, a Vom ake yin sa, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin saniya. Tambayar da ya kamata a yi wa hukuma ita ce: allurar da aka yi a 2023 lokacin da jaridu ke kallo, an maimaita ta a shekarun da suka biyo baya? Shanu nawa? A waɗanne kasuwanni? Dattawan Fulani suna tuna annobar shanu ta bushiya. An fara gagarumin aikin riga-kafinta a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kyauta kuma dole, ana huda kunnen duk wadda aka yi wa. Da cutar ta lafa sai aka saki jiki, ta dawo a farkon shekarun 1980 ta share garke-garke. Sai da aka koma aka dage, sannan a 2011 aka ayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Ciwon huhu da bakkale da saifa suna nan har yau saboda ba su samu irin wannan dagewar ba.

Bakkale ma ya cancanci kalma biyu, don na tabbata akwai masu ɗauke da shi cikin yaranku. Shi ne ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Mutum na ɗauka ta ɗanyar madara ko ta taɓa mahaifa da ɗan tayi da hannu tsirara. Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon baya da gaɓoɓi. A kemis za a ce maleriya ce ko taifot, a yi ta shan magani wata da watanni ba sauƙi. Duk mahaucin da ke fama da irin wannan ya gaya wa likita sana'arsa, ya roƙi a yi masa gwajin burusela.

Mu zo kan maƙwabtanku. Alhaji, suna da gaskiya, kuma kai ma a cikinsu kake, don iyalinka ruwan unguwar suke sha. Saniya ɗaya tana zubar da jini lita 10 ko fiye. In ka lissafa da shanu 6,000, jinin ya kusa cika tankar mai biyu kullum, ban da kashin tumbi wanda ya fi jinin yawa, ban da ruwan wanki. Jini in ya shiga rafi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna shanye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi ya fara wari. Kashin tumbi kuma yana toshe magudana, in damina ta sauka ruwan ya hau titi ya shiga ɗakuna, ɗauke da ƙwayoyin gudawa irin su salmonela da ikolai. Legas gari ne da ruwan ƙasa ke kusa, kuma yawancin gidaje rijiya da burtsatse suka dogara da su. Rijiyar da ke kusa da lambatun abbatuwa tana shan abin da lambatun ke ɗauke da shi, ko da ruwan ya fito garau a ido. Dubi kuma Kara ta Berger: a Jihar Ogun take, a bakin kogin Ogun, amma abin da aka zuba a can gangarowa yake zuwa tafkin Legas. Jiha ɗaya na karɓar haraji, ɗayar na karɓar ƙazanta, kuma kogi bai san iyaka ba.

A Yunin 2025 gwamnatin jiha ta rufe abbatuwar Oko-Oba bayan ziyarar kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, a kan zubar da ƙazanta a magudanan ruwa da rashin tsafta, aka sake buɗewa bayan 'yan kwanaki. Ban ce ba a ga abin rufewa ba. Amma rufewa ita ce mafi arha cikin duk abin da gwamnati ke iya yi, kwaɗo da sarƙa ne kawai. Kuma a kwanakin da wuri yake rufe mutanen Legas ba su daina cin nama ba, wanda ke nufin an yanka shanun a wani wurin da ba likita, ba ruwa, ba mai gani. Ƙazantar da kwamishina ya tarar ba a dare ɗaya ta taru ba, a gaban idon jami'an da ke zuwa aiki wurin kullum ta taru. In za a hukunta mahauci a kan zuba jini a lambatu, a fara nuna masa inda aka tanadar masa ya zuba. Wurin tace ruwan ƙazanta, da tankin tara jini, da rijiyar burtsatse mai aiki, da wurin ƙona naman da aka ƙwace, duk ba abubuwan da mahauci ɗaya zai gina ba ne. Na mai wurin ne da mai karɓar kuɗin shiga.

Abin takaicin ma, abin da muke zubarwa kuɗi ne. Jini in aka dafa aka busar, abincin kaji da kifi ne mai tsada. Ƙashi ana niƙa shi. Kashin tumbi in aka zuba a rufaffen rami yana fitar da iskar gas da za a yi babbaka da ita, ragowar ta zama taki. Masu gonakin kaji a Ogun da Oyo suna sayen irin waɗannan kaya.

Ba zan rufe ido a kan namu laifin ba, don in kun je gaban hukuma da shi za a fara tarbarku. Babbaka da taya da robobi ba gwamnati ce ta sa mu ba. Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadaran da aka san suna jawo ciwon daji, suna manne wa ganda da ƙafa da kai, wanki ba ya fitar da su duka, kuma yaron da ke tsaye a kan wutar shekara da shekaru shi ne farkon wanda ke shaƙa. Sai allurar da ake dankara wa saniyar da ta galabaita a hanya don ta miƙe a sayar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuke kira LA, a jikin kwalbarsa an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka, yawanci mako uku zuwa huɗu. Mu kuwa yau a yi allura gobe a yanka, mai cin naman ya sha ragowar maganin bai sani ba, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ɗansa ya kwanta a asibiti magani ya ƙi ci. Ga yanka shanu masu ciki, wanda asara ce ga garken ƙasa kuma hanya ce ta bakkale. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa mai raƙuma marasa lafiya kada ya shigar da su cikin masu lafiya. Killacewa ke nan, tun kafin a san ƙwayar cuta. Dillalin da ya san saniya na tari ya cusa ta tsakiyar garke don kada mai saye ya lura, ba shi da bakin zagin gwamnati.

Wa za ku kai wa kuka? Shawarata ku daina kuka da baki. Na ga wakilai da yawa sun je ofis da manyan riguna, an ba su lemo, an ɗauki hoto, an ce za a duba. Ku rubuta. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma a rubuce, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma hukumar tana da kwana 7 ta amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta Tarayya ce kawai, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ta shafe su. Ƙungiyarku ta ɗauki lauya ɗaya, a rubuta wa ma'aikatar noma takarda gajera mai tambayoyin da amsarsu lamba ce: nawa aka tara a kan shanu a wannan mayanka bara, likitoci nawa ke duba nama a kowace rana, dabbobi nawa aka samu da tarin fuka, ina aka kai naman da aka ƙwace, nawa aka biya diyya. A rubuta wa LASEPA a nemi sakamakon gwajin ruwan da ke fita daga mayankar da na rijiyoyin kewaye. A kai kwafi ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku da ciyaman na ƙaramar hukuma, a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Tambayar da ke neman lamba tana da wuyar kaucewa, kuma ko shirun da aka yi muku hujja ce a gaban kotu.

Kada kuma ku tafi a matsayin Hausawa kaɗai. Da zarar magana ta zama ta 'yan Arewa da 'yan gari, ta mutu, an koma zancen wa ya zo wa ya tarar. Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa su nemi shugabannin mahautan Yarbawa, su nemi ƙungiyar masu gidajen unguwar, waɗancan da kake cewa suna zaginku. Abin da suke so, wato a daina zuba jini a lambatu, shi ne abin da ku ma kuke so a gina muku hanyar yi. Takardar da ta zo da sa hannun mai gida da mahauci da dillali tare, jami'i ba zai iya amfani da ɗayanku ya doki ɗaya ba. Ku fara tara rasit daga yau, na hanya da na kasuwa da na yanka, tirela guda ku lissafa jimillar abin da aka biya daga lodi zuwa wuƙa. Wannan lissafin kaɗai zai ba mutane da yawa mamaki, har da ku.

Shi kuma abokin cinikin naka, ya koma ya nemi takardar shaidar ƙwacewa mai ɗauke da kwanan wata da dalili da sa hannun likitan. Haƙƙinsa ne, kuma ba a neman diyya da labarin baki. Batun bashin da ke tsakaninku, ku kai gaban shugabannin kasuwa a raba asarar da kai da shi da wanda ya aiko da shanun, tunda aibin ɓoyayye ne, ba wanda ya gan shi lokacin ciniki. Ka kuma aika wa mai shanun a Arewa cewa an samu tarin fuka a garkensa, iyalinsa su riƙa tafasa madara. Sannan ka tambayi mahaucin da yaran da suka feɗe saniyar: in akwai mai tarin da ya wuce mako biyu, ko rama, ko gumin dare, ko kumburi a wuya, ya je asibitin gwamnati mafi kusa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, jinyar wata 6 ce, kuma ya faɗa musu cewa aikinsa fawa ne.